Makwancin Manya a Ƙasar Filinge da Abin da Harshe Ke Riƙewa

1.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin ƙasar Hausa ya san cewa makabarta wani littafi ne da ba a cika buɗewa ba. A wannan maƙala za mu duba yadda ake riƙe da labarin makwancin manyan mutane, mu fara da biranen da suka tara su wuri guda, sa'an nan mu juyo ƙasar Filinge da Kurfai, cikin jahar Tilaberi, inda al'amarin ya sha bamban. Abin da muke son nunawa shi ne, a wannan yanki shaidar kabari tana bakin mutane fiye da yadda take bisa ƙasa, saboda haka adana ta aiki ne na masu nazarin harshe da ma'aikatan yaƙi da jahilci.

2.0 Makabartun birni

A Katsina akwai makabartar Ɗan Marna, wadda ta samo sunanta daga Wali Ɗan Marina, malamin nan na ƙarni na 17. Darajar malamin ita ta jawo manya suka riƙa neman makwanci kusa da shi, har a shekarar 2010 aka binne shugaban Nijeriya Umaru Musa Ƴar'aduwa a can. A Sakkwato kuwa akwai Hubbaren Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, kuma har yau masu ziyara daga Nijar da Nijeriya ba su yanke ba. A Kano, gidan sarki na Nasarawa ya zama makwancin sarakuna, inda aka binne Alhaji Ado Bayero a 2014.

Amma ko a waɗannan birane, harshe ya taimaki gini wajen tsare tarihi. Ana kiran Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda ya rasu a 1842, da laƙabin Mai Katuru. Sarkin Kano Abdullahi, wanda ya rasu a 1882, shi ne Maje Karofi, Sarki Abbas kuwa, wanda ya rasu a 1919, Maje Nasarawa. Wato kowane laƙabi ya ɗaure sarki da wurin da kwanansa ya ƙare. Yaron da bai taɓa taka Karofi ba, in ya ji sunan, ya riga ya san wani abu na tarihi.

3.0 Mai da mamaci gida

Filinge tana cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Kafin zuwan Faransawa, Kurfayawa suna zaune ne ƙauye ƙauye, kowane da manyansa, babu fada guda mai iko bisa ƙasar duka irin ta Katsina ko Kano. Sai a farkon ƙarni na 20, bayan kafa barikin Faransawa, garin Filinge ya zama cibiyar mulki. Ƙasar da aka gina bisa wannan tsari ba ta tara manyanta a ganuwa ɗaya: kowa yana komawa inda aka yanke cibiyarsa.

Misali mafi shahara a wannan yanki shi ne na Janar Seyni Kunce. An haife shi a 1931 a Fandu, cikin ƙasar Tondikanje ta Zabarmawa, kudu da Filinge. Ya karɓi mulkin Nijar ran 15 ga Afrilu 1974, ya rasu a Paris ran 10 ga Nuwamba 1987. Ko da yake ya yi shekara 13 yana mulki daga Yamai, a Fandu aka yi masa makwanci. Babban birni ya riƙe sunansa a babban filin wasanni, ƙauye kuwa ya riƙe gawarsa.

Wannan al'ada ba ta tsaya ga Kunce ba. Ibrahim Bare Mainasara, wanda aka kashe a Yamai ran 9 ga Afrilu 1999, a Dumega aka binne shi. Mamadu Tanja, wanda ya rasu a Yamai a watan Nuwamba 2020, an kai shi Maine Sorowa. Ke nan mai neman makabartar shugabannin Nijar sai ya ratsa ƙasar daga yamma zuwa gabas, yana tambaya gari gari.

4.0 Kabarin da ba shi da rubutu

Bisa koyarwar Musulunci da al'adar karkara, kabari tudun ƙasa ne kawai, a jera itace a ciki, a sa ƙaya ko duwatsu a bisa. Bayan ƴan damuna sai ya baje. Daga nan ba abin da ya rage sai dattijon da zai nuna da sanda ya ce nan ne wane yake kwance. Ran da dattijon ya kwanta dama, in ba wanda ya ɗauka daga bakinsa, mamacin ya sake mutuwa.

Tarihin Kurfai ya nuna irin asarar da ke tattare da haka. A 1925 wata mata mai suna Shibo, daga wajen Shikal, ta jagoranci ƴan borin da aka sani da Babule ko Hauka, waɗanda suka bijire wa Gado Namalaya, sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi. Kwamandan Yamai na lokacin, Kurosisiya, ya sa aka kama su aka tsare. Abin da aka rubuta game da su ya fito mafi yawa daga takardun masu mulkin mallaka, da fim ɗin da Jan Rush ya ɗauka a Ankara ta ƙasar Gana a 1954, da nazarin da Fin Fugulestad ya buga a 1975. Duka da Faransanci ne. Abin mamaki, shi kwamandan ya dawwama cikin harshe, domin ƴan bori sun mai da shi iska mai suna Kwamandan Mugu. Jikokin mutanen Shikal kuwa, da harshensu na gado, ba su da littafin da za su karanta labarin kakanninsu.

5.0 Aikin da ke gabanmu

Na farko shi ne tattara kalmomi. Kabari da makabarta daga Larabci suka shigo, hubbare ya biyo ta Fulatanci, kushewa kuwa tsohuwar kalmar Hausa ce. Ya kamata a tantance wadda Kurfayawa suka fi amfani da ita, da wadda suke keɓe wa malami ko basarake, da abin da suka ara daga maƙwabtansu Zabarmawa da Buzaye.

Na biyu shi ne rubuta sunaye yadda ake furta su. Tun a 1978 Malka ya bayyana a mujallar Harsunan Nijeriya bambancin furucin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa. A yammacin ƙasar Hausa, inda Bakano zai ce fari da fita, sai a ji hwari da hita. Don haka Kurfai ta takarda Kurhwai ce a baki. Mai bincike ya rubuta siffa biyun duka, domin rubutun Faransanci ya riga ya ɓata sunaye da yawa, kuma sunan da aka ɓata ba ya kai mutum ga kabarin da yake nema.

Na uku shi ne mai da abin ga masu shi. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen Hausa a Damagaram a 1973, ƙarancin abin karantawa ya kasance babban cikas. Ɗan littafi mai shafi kaɗan, wanda ya jera magabatan gari, da laƙabinsu, da kirarinsu, da wurin da suke kwance, zai fi jan hankalin magidanci ɗan ajin yaƙi da jahilci bisa darasin da aka fassaro daga nesa. Sai dai a nemi yardar iyalai da malamai, a kuma bayyana musu cewa manufa ita ce sani da addu'a, ba ɗaukaka kabari ba.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa birane irin su Katsina da Sakkwato sun tsare manyansu da gini da kuma laƙabi, ƙasar Filinge kuwa ta dogara ga ƙauye da bakin dattawa. Kabarin Fandu sananne ne saboda mai shi ya mulki ƙasa. Na maharba da malamai da mayaƙan da suka kafa garuruwan Kurfai suna jiran mai alƙalami ya je ya zauna gaban tsofaffi tun suna da rai. Allah ya jiƙan magabata, ya kyautata namu zuwan.