Bawul mai hana iska komawa a injin iskar masu faci

A tashoshin mota, daga Maradi zuwa Damagaram, da wuya a rasa mai faci da injinsa na iska, wanda ake kira kwamfuresa. Injin yana da kai mai matsa iska, da tulun ƙarfe mai tara ta, da ɗan bututu da ke haɗa su. A bakin tulun, daidai inda bututun ya shiga, akwai wani ɗan bawul na tagulla da makanikai ke kira kilape. Aikinsa ɗaya ne: ya bar iska ta shiga tulu, ya hana ta komawa. Babu komi a cikinsa sai ɗan faifan roba da sifirin mai danne shi.

Ana auna ƙarfin iska da bar, abin da masu faci ke ce wa kilo. Tayar ƙaramar mota tana shan bar 2 zuwa 2 da rabi. Tulun ƙaramin kwamfuresa kuwa yana riƙe bar 8 zuwa 10. Wannan ƙarfin duka yana danne ɗan faifan nan, ko injin yana aiki ko yana tsaye.

Yau da gobe roba takan ci, ƙura da tsatsa su maƙale a bakinta, sai bawul ya daina rufewa sosai. Alamar ba ta ɓuya. In injin ya tsaya da kansa, al'ada ce a ji iska ta fita kaɗan ta yi shiru. Idan ta ci gaba da huci, allurar agogon tulu tana sauka, to iska ce ke komawa baya. Lokacin da moter zai sake tashi, sai ya tarar da nauyi a kansa: ya yi gurnani, bel ya zame, wani lokaci moter ya ƙone.

Lalacewa ta biyu ta fi haɗari, domin ba a ganin ta. Ƙonannen mai yakan daskare ya liƙe bawul a rufe. Kan injin yana ta tura iska, amma ba ta da wurin zuwa sai ɗan bututun nan. Agogon tulu bai motsa ba. Bawul na tsaro, wato supap mai zobe da ke bisa tulu, shi ma bai san abin da ake ciki ba, tunda matsin bai kai gare shi ba. Bututu na iya fashewa kusa da fuskar mai aiki.

Saboda haka masu ƙera injin kirki ba su ɗaukar kilape a matsayin abin tsaro. Sukan yi lissafi tun farko cewa wata rana zai lalace. Shi ya sa a injuna da dama ake ganin supap na biyu a kan bututu ko a kan injin, kafin kilape. Wanda ya cire shi ya toshe ramin da kusa don yana huci, ya cire abin da ke kare shi. A matatun man fetur ma haka ake lissafi: gas mai ƙarfi na iya komawa baya ya cika sashen da ba a yi shi don ɗaukar wannan matsin ba, sai a ba sashen supap nasa, mai faɗin da zai fitar da gas ɗin ko da kilape ya saki gaba ɗaya.

Kafin a kwance kilape, a kashe injin, a cire wayar lantarki, a saki iskar tulu har allura ta sauka kan sifiri. A wanke bakinsa, a canza faifan in ya tsage. A riƙa ja zoben supap lokaci lokaci: in iska ta fita ta kuma tsaya da aka saki, lafiya lau yake. In za a sayi sabo, lambar bar da ke jikinsa kada ta wuce wadda ke rubuce a farantin tulu. A kuma zubar da ruwan gindin tulu kowace yamma, a kakkaɓe matatar iska akai akai, musamman lokacin hunturu da ƙura ta yi yawa.