Bismutin: iskar da ta ƙi zama a kwalba

Raɗa wa bismutin suna bai ba masana wahala ba. Kama shi ne ya zama jan aiki. Iska ce da ƙwayar ƙarfen bismut ɗaya ke haɗuwa da ƙwayoyin haidurojin uku su samar, shi ya sa ake rubuta ta BiH3.

Sunan gaɓa biyu ne. Wutsiyarsa, "in", tambarin dangi ce, irin wadda ke jikin fosfin da arsin da stibin, duk iskoki masu gini iri ɗaya. Stibin ma ya samo nasa ne daga stibium, kalmar Latin ta dutsen da mutanen zamanin da suke niƙawa su zizara a ido, wato tozali.

Gaɓar farko kuwa daga ramukan ma'adinai na Saksoni, a Jamus, ta fito. Mahaƙan wurin suna ce wa ƙarfen Wismut, wasu masana na ganin daga "farin curi" kalmar ta samo asali a Jamusanci. Mahaƙan sun ɗauka azurfa ce da ba ta gama nuna ba, har suna takaicin sun yi saurin tono ta. A ƙarni na 16 Georgius Agricola ya mayar da kalmar Latin, ta koma bisemutum. Duk da haka an yi ta rikita ƙarfen da dalma da kuza, sai a 1753 Claude Geoffroy na Faransa ya nuna ƙarfe ne mai zaman kansa.

A 1918 ne Fritz Paneth, ɗan Ostiriya, ya fara jin ƙamshin iskar, kuma dabararsa ta cancanci yabo. Ya ɗora ɗan mitsitsin bismut mai fitar da radiyeshan a kan magniziyam, ya narkar a asid, ya bi da iskar da ta fito ta cikin bututu mai zafi. Ido bai ga komai ba, amma na'ura ta nuna bismut ya yi tafiya, ya maƙale a bangon bututun. Ƙarfe ba ya tashi sai in ya zama iska.

Sai a 1961 Eberhard Amberger ya haɗa bismutin ɗin da ya taka kara ya karya, cikin sanyin digiri 45 ƙasa da sifili. Da ya ji ɗumi, sai ya wargaje, haidurojin ta kama gabanta, ƙarfen ya zauna. Shekara 41 aka jira kafin a tabbatar da siffar ƙwayarsa, a 2002.