Shekarun Tsohuwar Bindiga Suna Jikin Hatiminta

'Yan uwa marubuta, duk tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da aka ciro daga rumbu sai ka ji an ce ta ga jihadin Shehu. Kafin ka sa wannan magana a littafinka, duba gindin bututunta.

A can ake buga hatimin gwaji. Gidan gwajin bindigogi na Birmingham a Ingila an kafa shi a 1813. Hatimin Liège ta Beljiyam kuwa, haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai, ya biyo bayan dokar Napoleon ta 1810. Bututun da ke ɗauke da ɗayan biyun nan bai je Tabkin Kwatto a 1804 ba, ko waye ya rantse.

Ƙanƙarar ita ce ke ruɗar mutane. Sojojin Turai sun bar ta tun wajajen 1840, amma yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka maƙeran Liège suka ci gaba da ƙera su domin mu har cikin ƙarni na 20. Bindigar tana iya zama sa'ar jirgin ƙasan Kano, wanda ya iso a 1911.

Akwai kuma ta haɗe-haɗe. Kalmar TOWER da kambi da haruffan GR a farantin kunama alamar sojan Ingila ce, irin Brown Bess, sai dai an sha ciro farantin a ɗora wa sabon bututu. Duba ko ya zauna daram cikin katakon. Giɓi, ko sabuwar sassaƙa a gefensa, ko tsatsar da ba ta yi daidai da ta bututu ba, duk suna tona asiri. A ganina gyaran maƙerin gida, ɗaurin fata ko zoben tagulla, bai rage mata daraja ba, shi ne ma ke nuna hannun da ta ratsa.

Kada a goge tsatsar da yashi, hatimin ake kankarewa. Sannan a zura sandar ɗuri ciki, a auna tsawonta da na bututun daga waje. In ta tsaya kafin ramin wuta, a ɗauka akwai ɗuri a ciki, domin albarushin da bai sha ruwa ba yana tashi ko bayan shekara ɗari.