Tsarin Littafi Mai Tsarki a Cocin Umdurman

Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne da aka jera bisa nau'insu, ba bisa shekarun rubuta su ba. Kiristocin Kibɗawa na unguwar Masalma, kusa da Kasuwar Umdurman, suna karanta shi da Larabci, galibi fassarar Van Dyck da aka kammala a Beirut a 1865. Tsohon Alkawari ya fara da Attaura, sai tarihi, sai Zabura da littattafan hikima, sannan annabawa. Sabon Alkawari ya fara da Linjila huɗu, sai Ayyukan Manzanni, wasiƙu da Ru'ya ta Yohanna. Wasiƙun Bulus ga coci-coci an jera su kusan bisa tsawo, shi ya sa Romawa ta zo farko.

Wani zai ce ai babu tsayayyen tsari, tunda Furotestan na da littattafai 66, Katolika 73, Kibɗawa ma suna da ƙari. Amma saɓanin a Tsohon Alkawari yake. Littattafai 27 na Sabon Alkawari kuwa, waɗanda Atanasiyus na Iskandariya ya lissafa a 367, dukkansu sun yarda da su.