Ƙwaron da ke kashe sitiroberi ta ƙarƙashin ƙasa

A gonakin sitiroberi, rasberi da buluberi na Turai da Amurka ta Arewa, manoma suna fama da wani baƙin ƙwaro da masana ke kira Otiorhynchus sulcatus. Dangin ƙwaron nan ne mai huda masara a rumbu, sai dai ya fi shi girma, domin tsawonsa ya kai kusan santimita ɗaya, bakinsa kuma gajere ne. Asalinsa Turai, amma ya bi dashen da ake safara a tukwane har ya isa Ostireliya da Niyu Zilan.

Ba ya tashi sama, tafiya yake yi da ƙafa, kuma sai dare ya yi yake fitowa. Da rana yakan ɓuya a ƙarƙashin busassun ganyaye ko ledar da ake shimfiɗawa a kan kunya. Shaidar zuwansa ita ce gefen ganye da aka gutsuttsura kamar an sa farce. Wannan ɓarna ba ta cika kashe shuka ba, shi ya sa manomi kan raina ta, alhali gargaɗi ce.

Ainihin asarar tana cikin ƙasa. Dukkan waɗannan ƙwari mata ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba, kuma guda ɗaya kan zuba ɗaruruwan ƙwai a gindin shuka. Ke nan ƙwaro ɗaya ya isa ya cika gona. Tsutsar da ke ƙyanƙyashewa fara ce, mai kai ruwan ƙasa-ƙasa, ba ta da ƙafa, kuma kullum a lanƙwashe take kamar jinjirin wata. Tana fara cin ƙananan saiwoyi, sannan ta haura zuwa gindin shukar. Sai a wayi gari shuka ta yi yaushi ko da an ba ta ruwa, idan aka ja ta kuma ta tuge babu saiwa. A lokacin magani ya makara.

Hanya mafi arha ita ce fita da tocila bayan isha, a shimfiɗa ƙyalle, a girgiza shukar, ƙwarin su zubo a tattara. Wasu kan ajiye katako a tsakanin kunyoyi domin su taru a ƙarƙashinsa kafin safiya. Amma makamin da ya fi tasiri shi ne wasu halittu masu kama da zare da ido ba ya gani, waɗanda ake kira nematod. Ana dama su da ruwa a kwarara a gindin shuka, su shiga jikin tsutsar su kashe ta. Sharaɗinsu shi ne ƙasa mai danshi, kuma a zuba su tun tsutsar tana ƙarama, wato Agusta zuwa Satumba a Ingila. Dogaro da su ya ƙaru ganin yadda ake taƙaita magungunan feshi, musamman bayan 2018 da Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu uku a fili saboda cutar da ƙudan zuma.

Batun ya shafi Nijeriya ta fuskar dashe. Ana noman sitiroberi a Chaha da kewayen Vom a Jihar Filato, ana kai shi kasuwannin Abuja da Legas. Duk ɗan kasuwar da zai shigo da dashe a tukunya daga waje, ya kamata ya zare shukar ya duba saiwarta da ƙasar da ke jikinta, sannan ya ware ta na ɗan lokaci kafin ta shiga gona.