Da-na-sani Ƙeya Ce: Tarihin Gem ɗin da Ya Koma Baya

Duk wanda ya leƙa gidajen gem a Dayi ko Malumfashi ko Funtuwa ya san abin da zai tarar: janareta na ruri, matasa sun yi cincirindo gaban PlayStation, ana buga ƙwallo ko ana dambe. Da wuya a ga gem ɗin da ake yi don labarinsa kawai, domin irinsa na buƙatar haƙuri da jin Turanci, kuma mutum ɗaya ne ke riƙe da akala. Amma cikin wannan rukuni akwai guda da tarihinsa ya shafe mu, wato *Back to the Future: The Game*.

Asalinsa fim ne da ya fito a Amurka a watan Yulin 1985, lokacin da yankinmu ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Robert Zemeckis ne ya ba da umarni, shi da Bob Gale suka rubuta labarin. Wani masanin kimiyya, Doc Brown, ya mayar da mota ƙirar DeLorean abin hawan da ke ratsa zamani da zarar ta kai gudun mil 88 a awa. Abokinsa matashi, Marty McFly, ya tsinci kansa a 1955, ya kusa hana auren iyayensa. Kashi na biyu ya biyo baya a 1989, na uku a 1990. Daga nan marubutan suka rufe ƙofa, suka ƙi yin na huɗu. Michael J. Fox, wanda ya fito a Marty, ya kamu da cutar karkarwar jiki ta Parkinson, aka tabbatar masa a 1991.

An yi ta ƙoƙarin mayar da fim ɗin gem tun da wuri, sai dai ba a dace ba. Wanda kamfanin LJN ya fitar a na'urar Nintendo a 1989 ya yi ƙaurin suna, har Bob Gale da kansa ya fito ya kushe shi. Sunan fim aka ara, aka bar labarin a baya.

Gyaran ya zo ne daga Telltale Games, kamfanin da tsofaffin ma'aikatan LucasArts suka kafa a Kalifoniya a 2004. Sun gayyato Gale ya ba da shawara kan labari, Christopher Lloyd ya dawo da muryar Doc, wani matashi A.J. LoCascio ya kwaikwayi muryar Marty. Suka fitar da gem ɗin kashi-kashi har biyar, kamar yadda muke bin finafinai masu dogon zango, daga Disambar 2010 zuwa Yunin 2011. A kashi na ƙarshe Fox da kansa ya sa murya.

Labarin ya tashi daga 1986 ya koma 1931, shekarun da layin dogon da ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda ke sabo. A Amurka kuwa zamanin haramcin giya ne, wanda ya ɗauki 1920 zuwa 1933, ya haifar da mashaya ta ɓoye da 'yan daba. An kulle Doc bisa zargin ƙona wata mashaya, Marty ya je ceto, ya nemi taimakon Doc ɗin yana saurayi. Garin gyaran gira aka rasa ido. Shisshigin Marty ya sa saurayin ya faɗa soyayya da wata mai tsananin ra'ayi, Edna Strickland, ya kauce wa hanyarsa ta asali. Da Marty ya dawo 1986, sai ya tarar garinsu, Hill Valley, ya zama kurkuku mai tsafta: kyamara ko'ina, doka a kan komai, abokinsa ne shugaba, matarsa na juya shi. Kowane gyara na jiya yana zuwa da bashin da gobe za ta biya.

Abin da ya faɗa wa gem ɗin a zahiri ya fi labarin daɗa hankali. A 2015 an sake fitar da shi don bikin cikar fim ɗin shekara 30. A watan Satumbar 2018 Telltale ya durƙushe, ya sallami mafi yawan ma'aikatansa a rana ɗaya, ba da jimawa ba aka janye gem ɗin daga shagunan intanet. Aikin da bai cika shekara 8 ba ya koma sai wanda ya riga ya saya, ko mai faifai a ajiye.

A nan labarin ya iso ƙofarmu. Masana'antar fim ɗin Hausa ta bidiyo ta soma da *Turmin Danya* a Kano a 1990, shekarar da kashi na uku na fim ɗin Marty ya fito. Daga kaset muka koma faifan sidi, daga sidi zuwa memori da masu tura fim a waya, daga nan zuwa YouTube. A kowane ƙaura an bar kaya a tsohon gida. Kaset na cin ƙura da zafi, faifai na karcewa, waya na faɗawa ruwa, tashar intanet na iya rufewa cikin dare. Idan aikin da ke da hannun manyan Hollywood zai iya ɓacewa daga kasuwa, me zai kare fim ɗin da aka ɗauka da kyamara ɗaya a Funtuwa, ko waƙar manoma da wani ya naɗa a bikin girbi a Dayi?

Marty na da mota, mu ba mu da ita. Abin da ke hannunmu shi ne yau: kaset ɗin da ke ƙasan akwatin baba a juye shi zuwa kwamfuta, a rubuta sunan masu aikin da shekara, a ajiye kwafi fiye da ɗaya a wurare daban-daban. Abin da aka bari ya ɓace bana, babu wanda zai koma ya ɗauko mana shi baɗi.