Fataucin Gwanja da Wahalar Goro

Ba a ɗaura aure a ƙasar Hausa, ba a raɗa suna, sai an raba goro. Amma ka zaga daga Kano har Damagaram, da wuya ka ga bishiyarsa ko guda. Itace ne na kurmi, mai son inuwa da ruwan sama mai yawa, kuma nau'in da Bahaushe ya fi ƙauna a da can dazukan Asante yake fitowa, a Ghana ta yau.

Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowar goro da zamanin Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda ya ce Sarkin Nupe ya aika mata da goro 10,000. Ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyar Gwanja. Sai dai cinikin bai kai ganiyarsa ba sai ƙarni na 19, lokacin da fataken Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka riƙe ragamarsa.

Tafiyar ba ta rago ba ce. Ayari kan tashi da rani, madugu na shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya. A ɗora wa jakuna kanwa da fatu da turkudi, a tsallake Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, inda 'yan fashi da masu karɓar fito ke jira, har a sauka Salaga, a ƙasar Gwanja. Asantawa ba sa barin baƙo ya shiga kurminsu, don haka a nan ake haɗuwa a yi ciniki. Kada kuma a ɓoye: har da bayi a cikin hajar da ake musayar goro da ita.

Dawowa ta fi wuya, domin goro ba gishiri ba ne da za a ɗaure a manta. In ya sha iska ya bushe, in ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe. Sai a jera shi cikin ɗanyen ganye a ɗaure huhu, a riƙa yayyafa masa ruwa. Bayan 'yan kwanaki a kwance a zango, a bi shi ɗaya-ɗaya, a fitar da wanda sankara ta kama tun bai lalata na kusa da shi ba. Haka za a yi ta yi wata da watanni. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin yadda ƙwaryar goro, wato guda ɗari, ta zama kyautar sarakai ba.

Turawan Ingila sun ci Kumasi, babban birnin Asante, da yaƙi a 1874, ikon Asante a kan Salaga ya karye, yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 kuma ya watse kasuwar. Fatake suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra. Cikin waɗanda suka fahimci inda iska ta juya akwai Alhassan Dantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, wanda ya riƙa loda goro a jirgin ruwa zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, jakunan Gwanja suka huta. Manoman Yarbawa na wajen Agege da Shagamu suka dasa irin na Asante a gonakinsu, kuma yawancin goron da ake saukewa a kasuwar Mariri yanzu daga can kudu yake zuwa a manyan motoci.